Dattijon da Ya Daina Shan Ruwa a Cibiyar Tsofaffi: Nazarin Lamari

Shimfiɗa

Mutumin da wannan rubutu ya bi lamarinsa dattijo ne ɗan shekara 78, Musulmi, tela wanda ya shafe sama da shekara hamsin a kan keken ɗinki. Matarsa ta rasu a ƙarshen 2022. Bayan 'yan makonni babban ɗansa ya ɗauko shi ya dawo da shi wurinsa, a wani babban birni inda a layi guda za ka iske Musulmi da Kirista da mabiya addinin Hindu da waɗanda ba su bin kowane addini, harsuna kuwa sai wanda ya ƙirga. Zan sakaya sunansa da na birnin da na cibiyar. Baba muke kiransa, mu 'yan sa-kai da ma'aikata, haka kuma zan kira shi a nan. Ina zuwa cibiyar sau biyu a mako, abin da ban gani da idona ba kuma daga bakin ɗansa na ji ko daga littafin rahoton ma'aikata.

Lokacin da ya iso yana da ciwon suga da hawan jini, yana tafiya da sanda, nauyinsa kilo 68. Harshen da aka fi yi a birnin ya iya shi iyakar na ciniki da gaisuwa. Jikokinsa kuma harshensa na gado ba ya zama a bakinsu.

Irin wannan ƙaura ta tsufa tana ta ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ɗan shekara 60 ko fiye, zuwa 2050 kuma yawansu zai kai biliyan 2.1. Da dama daga cikinsu za su ƙare rayuwarsu ne a gidajen 'ya'yansu, cikin maƙwabtan da ba harshensu ɗaya ba, ba alƙiblarsu ɗaya ba.

Janairu zuwa Afrilu 2023: watanni huɗu a gidan ɗansa

Ɗan ya yi abin da ɗa nagari ke yi. Ya ba shi ɗaki mai banɗaki a ciki, ya saka masa talabijin, ya saya masa waya. Shi da matarsa suna fita aiki da sassafe, yara suna tafiya makaranta, gida ba ya cika sai bayan magariba. Baba yana wuni shi kaɗai kusan awa goma. Talabijin ya daina kunnawa tun mako na biyu. Wayar kuwa in an kira shi daga gida sai ya yi ta cewa "to, to", ya kashe.

Azumi ya kama a ranar 23 ga Maris. Bai gaya wa likita zai yi ba, babu kuma wanda ya tambaye shi. Ƙwayar sugan da yake sha ita ce glibenclamide, wadda aka sani da saukar da suga ƙasa sosai ga tsofaffi, balle in an wuni ba a ci ba. A rana ta tara surukarsa ta dawo ta iske shi zaune a ƙasa yana gumi, yana magana ba kai. Sugansa ya sauka zuwa 3.1, alhali ƙa'idar likitoci ita ce mai azumi ya sha ruwa da zarar ya sauka ƙasa da 3.9. An kai shi asibiti, an canja masa magani. A wannan zuwa asibitin ne aka yi masa tambayoyi 15 da ake auna ciwon damuwa na tsofaffi da su, waɗanda amsarsu e ce ko a'a. Maki sama da 5 alama ce ta damuwa. Ya samu 11. A ma'aunin kaɗaici mai tambaya uku, wanda makinsa ke tashi daga 3 zuwa 9, ya samu 9. Nauyinsa ya koma kilo 64. Likita ya ba da shawarar a nemar masa wurin da zai riƙa wuni cikin mutane.

Mayu zuwa Yuli 2023: cibiya da dokarta

Cibiyar tana karɓar tsofaffi wajen talatin a wuni. Mota tana ɗauko su da ƙarfe tara ta mayar da su da ƙarfe huɗu. Ana motsa jiki, ana wasanni, ana cin abincin rana tare. An saka Baba kwana uku a mako.

Akwai doka ɗaya da ɗansa ya karanta ya wuce bai kula ba: ba a yin ibada kowace iri a harabar cibiya. Dokar tana da tarihi. Shekara biyu kafin nan an yi saɓani tsakanin ƙungiyoyi biyu na tsofaffin a kan wani ƙaramin ɗaki, waɗansu na son yin waƙoƙin yabo a cikinsa, waɗansu na son salla a daidai wannan lokacin, har maganar ta kai ga 'ya'yansu. Shugabar cibiyar ta kulle ɗakin ta mayar da shi ma'ajiyar kujeru. Niyyarta zaman lafiya ce, kuma rigimar ta mutu.

Ga abin da littafin rahoto ke faɗi a kan Baba a waɗannan watannin, kusan kullum da kalmomi iri ɗaya: ba ya shiga mutane, ba ya taɓa nama, ya ƙi shan ruwa, ya ƙi shan shayi, yana yawan duba agogo. Ni ma na sha miƙa masa kofi ya ɗaga hannu ya ce, "Na gode, ɗana, na ƙoshi." Leɓɓansa a bushe. Na ɗauka kunya ce ta baƙo.

A makonsa na uku ya faɗi a banɗaki. An same shi ƙafa ɗaya babu safa, ƙasa jiƙe da ruwa. Aka rubuta cewa santsi ne ya kwashe shi, aka ƙara shimfiɗa abin hana zamewa a bakin ƙofa.

An gwada abubuwa biyu a kansa. Na farko ranar al'adu da aka shirya a Yuni, aka ce kowa ya zo da tufafin garinsu da kiɗansu. Zauren ya cika da amo, lasifika biyu suna aiki. Baba ya zauna minti ashirin ya nemi a fitar da shi waje. Na biyu dabarar ɗansa ce, wanda ya ce matsalar ita ce rashin 'yan'uwa Musulmi, sai ya fara kai shi zaman karatu a wani babban masallaci duk Asabar. Ajin yana hawa na biyu, babu lif, yawancin masu zuwa matasa ne, darasin kuma da harshen birnin ake yi cikin sauri. Suna girmama shi, suna tashi su ba shi wuri, amma babu mai zama ya yi hira da shi. Sau huɗu ya je ya ce ya haƙura.

A Yuli wata ma'aikaciya ta yi masa gwajin ƙwaƙwalwa da harshen birnin, a zaure, mutane na kai da kawo. Makinsa ya yi ƙasa. Aka fara raɗe-raɗin ciwon mantuwa. Da aka so tambayarsa game da fitsari da bayan gida, jikansa ɗan shekara 15 aka saka ya yi tafinta. Duk abin da aka tambaya amsarsa ɗaya: lafiya lau.

Agusta 2023: kwana biyar a asibiti

Wata Laraba mai zafi ya dawo gida bai gane surukarsa ba, yana kiran sunan matarsa da ta rasu. A asibiti aka samu ƙarancin ruwa a jikinsa da ƙwayar cuta a mafitsara, su ne suka haddasa ruɗewar. Tsoho dama ƙishirwa ba ta kama shi da ƙarfi kamar ta yaro, saboda haka jikinsa zai iya bushewa bai farga ba. Da aka ƙara masa ruwa aka ba shi magani, hankalinsa ya dawo cikin kwana uku. Nauyinsa a lokacin kilo 61.

A rana ta huɗu asibitin ya kawo tafinta na aiki, namiji, mai kusan shekara sittin. Ya gaishe shi da harshensa, ya ja kujera kusa da kunnensa, aka fitar da iyali. Hirar minti arba'in ta warware abin da muka kasa ganewa cikin wata uku.

Baba yana yin alwala a gida kafin mota ta zo, yana riƙe ta har azahar. In ya sha ruwa zai ji fitsari, in ya yi fitsari alwala ta warware, a cibiya kuma babu inda zai sake ta. Wurin wanke hannu yana da tsayi. Ranar da ya faɗi, ƙafarsa yake ƙoƙarin ɗagawa ya saka a ciki. Tun daga ranar ya yanke wa kansa hukuncin ba zai sha komai ba daga safe har ya dawo gida. Azahar kuwa a zaune yake yin ta a kujerarsa, da ishara, a ɓoye, yana fargabar kada a gan shi a ce ya karya doka a kore shi, ɗansa ya ji kunya. Agogon da yake dubawa lokacin salla yake nema. Naman kuma bai san yadda aka yanka shi ba, ya ga kuma tambaya za ta zama kamar raina abincin masu gida. Zafin fitsari ya fi mako biyu yana jin sa. Ya ce wa tafintan, "Ƙanena, yaya zan faɗi wannan a gaban jikana?"

Tafintan ne kuma ya lura sai ya maimaita magana sau biyu Baba yake kamawa. Likitan kunne ya cire masa dauɗar da ta toshe, ya auna, ya samu matsakaicin raunin ji a kunnuwa biyu. Irin wannan raunin na tsufa siraran sautuka yake fara cinyewa, mutum ya riƙa jin murya amma kalmomi su cakuɗe masa, in akwai hayaniya abin ya ƙara muni, in harshen ba nasa ba ne ya ninka. Ranar al'adu, da ajin masallaci, da "to, to" ɗin waya, duk nan suka samo asali.

Satumba zuwa Disamba 2023: gyare-gyare

An yi zama da shugabar cibiya, da nas, da ɗan Baba, da limamin unguwa, da wani fada na cocin Katolika wanda mutanensa da dama ke zuwa cibiyar. Shugabar ta tsorata da buɗe tsohon rauni, kuma tsoronta na da dalili. Nas ce ta karanto Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan Tsofaffi na 1991, inda aka ce tsohon da ke wurin kulawa yana da haƙƙin a mutunta darajarsa da imaninsa da buƙatunsa da sirrinsa. Fadan ya ce akwai mata uku daga cocinsa da ke jan carbinsu na rosari a ƙarƙashin tebur saboda wannan dokar. Daga nan maganar ta daina zama ta mutum ɗaya.

An fitar da kujeru daga ƙaramin ɗakin, an mayar da shi ɗakin natsuwa, an manna jadawali a ƙofa. An saka famfo ƙasa-ƙasa a banɗakin maza, da kujerar zama, da ƙarfen dafawa. Masu girki suka fara rubuta abin da ke cikin kowane kwano da inda aka samo naman, wanda ya amfani masu ƙin nama gaba ɗaya kamar yadda ya amfani Baba. An rubuta a fayil ɗinsa cewa duk maganar da ta shafi jiki namiji babba ne zai yi tafinta. Liman ya zauna da shi ya tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, cewa mutum ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe, ya kuma gaya masa ƙuntata wa jiki da ƙishirwa har ya kwanta ciwo ba ya cikin abin da aka ɗora masa.

Gyaran bai tafi sumul ba. A wata na farko wata ƙungiya ta bar hoton ibadarta a bangon da ke fuskantar alƙibla, Baba ya leƙa ya juya bai ce komai ba, sai da muka lura ya koma salla a kujera. Wasu kuma sun yi ƙorafin hayaƙin turare yana tayar musu da tari. Aka kawo kabad mai ɗakuna, kowa ya kwashe kayansa in ya gama, aka hana kunna duk abin da ke hayaƙi. Wani dattijo ya ga an yi wa addininsa ƙaranta da aka ce a saka kayansa a kabad, ya daina zuwa, har yau bai dawo ba.

Na'urar ƙara ji ma ta yi mako uku a aljihun tebur. Yana cire ta in zai yi alwala, yatsunsa kuma ba sa iya mayar da ita. Ƙaramin faranti aka ajiye kusa da famfon, aka koya wa 'yan sa-kai yadda ake saka ta. Da aka sake gwajin ƙwaƙwalwar a Nuwamba, da harshensa, a ɗaki shiru, da na'urar a kunne, makinsa ya fito daidai da na sa'anninsa masu lafiya. Aka soke maganar mantuwa daga fayil.

Keken ɗinkin bai cikin tsarin kowa. Wani dattijo Katolika ɗan shekara 81, tsohon direban bas, ya zo wata rana bakin wandonsa yana jan ƙasa. Baba ya kira shi da hannu, ya naɗe bakin wandon, ya nuna da yatsa inda ya kamata kalmasa ta tsaya. Nas ta gani. Bayan mako biyu aka samo tsohon keke daga iyalin wata mamaciya. Na ga ranar da ya fara zama a kansa: ya shafa shi da tafin hannu, ya juya ƙafar keken a hankali yana sauraro, ya ce yana son mai. Da ya zo zura zare a allura ido ya gaza, ya gwada sau uku. Direban, wanda aka yi wa aikin yanar ido a bara, ya karɓa ya zura a karo ɗaya ya ce, "Malam, kai ɗinka, ni in zura." Tun daga nan duk Alhamis tare suke zama, ɗaya na rage tsawon wando da saka maɓalli da faci, ɗaya na zura zare yana rubuta sunayen masu kaya.

Fabrairu zuwa Afrilu 2024: azumi biyu

A 2024 azumin Kirista na kwana arba'in ya fara ranar 14 ga Fabrairu, Ista ta kama 31 ga Maris, Ramadan kuma ya fara a wajen 11 ga Maris, wato sun yi kusan mako uku suna tafiya tare. Wannan karon an kai Baba wurin likita mako shida kafin azumi. Likita ya duba abin da ya faru bara, da shekarunsa, da ƙodarsa, ya ce haɗarin yana da yawa. Liman ya yi masa bayanin sauƙin da aka yi wa tsoho da maras lafiya, da ciyarwa a madadin azumi. Baba ya amince, amma ya yi kwana biyu ba ya magana. Tun yana yaro bai taɓa shan azumi ba.

A ranar farko ta Ramadan ya ƙi shiga zauren cin abinci. Direban ya ɗauki farantinsa ya bi shi ɗakin ɗinki. Ya gaya masa cewa a cocinsu wajibcin azumi yana sauka daga kan mutum in ya shiga shekara sittin, shi ya wuce ta da shekara ashirin, ga magungunan zuciya da ba a sha da yunwa, amma har yanzu in Larabar Toka, ranar farko ta azuminsu, ta zo ya kai loma baki sai ya ji kamar ya yi sata. Suka ci tare, ƙofa a rufe. Haka suka yi har watan ya ƙare. Sugan Baba bai sauka ƙasa da 5 ba ko sau ɗaya a awon da nas ta yi.

Oktoba 2024: inda aka tsaya

An sake auna shi a makon 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya. Nauyi kilo 65. Makin damuwa 4, daga 11. Makin kaɗaici 5, daga 9. Yana shan kofi biyar zuwa shida a wunin cibiya. Bai sake faɗuwa ba, bai sake kwanciya asibiti ba tun Agustan 2023. Ya ƙara kwana ɗaya, yana zuwa sau huɗu a mako. Ba a ba shi maganin damuwa ba a tsawon wannan lokacin.

Akwai abin da bai gyaru ba. Asabar da Lahadi har yanzu suna yi masa tsawo. Hira da jikokinsa ba ta wuce gaisuwa. Yana yawan maganar a mayar da shi a binne shi kusa da matarsa, ɗansa kuma yana kauce wa zancen.

Abin da nake gani

Dokar hana ibada ta kashe rigima, amma nauyinta bai faɗa a kan kowa daidai ba. Wanda ibadarsa ta mako-mako ce ya yi ta a waje ya zo. Wanda tasa ke faɗowa a tsakiyar wuni, tana kuma buƙatar ruwa da wanke ƙafa, shi ya biya da jikinsa. Mu kuma mun rubuta "ya ƙi shan ruwa" fiye da sau talatin ba tare da ɗayanmu ya samo wanda zai tambaye shi dalili da harshen da zai iya amsawa ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin ina cikin masu miƙa kofin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma dattijo mai kunya wanda ke ganin kansa baƙo ba zai nuna wurin ba sai an rufe ƙofa an zauna kusa da shi.

Ranar al'adu da ajin masallaci sun gaza saboda dalili ɗaya: an dube shi a matsayin wakilin wata al'umma, aka nemo masa taro. Kunnensa ba ya ɗaukar taro. Kasancewar mutanen masallacin 'yan'uwansa ne a addini bai ba shi abokin hira ba, bambancin addini kuma bai hana direban zama abokinsa ba, tunda shekarunsu kusan ɗaya, dukansu sun binne matansu, kowanne kuma yana da abin da ɗayan ke buƙata. Ina ganin da ba a fara gyara famfo da ɗakin salla da kunne ba, da keken ma ya zauna yana ƙura, domin mutumin da ke fama da ƙishirwa yana tsoron a kama shi yana salla ba shi da sararin lura da wandon wani. Ina kuma ganin an yi sakaci da dattijon da ya tafi saboda kabad. Babu wanda ya bi shi gida ya ji ta bakinsa da irin haƙurin da aka yi wa Baba.

Famfon da aka saka na banɗakin maza ne kawai. Akwai mata Musulmi huɗu a cibiyar yanzu, biyu daga cikinsu littafin rahoto ya nuna ba sa shan komai kafin ƙarfe biyu. An saka maganar a zaman watan gobe, an kuma nemi tafinta mace.